Kuɗin da ya zama takarda, da aikin da ya ɓace: rikice-rikicen Jamus biyu kafin Hitila

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Jamus na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ya ci karo da hoton nan: mutum yana tura baro maƙil da takardun kuɗi zai je sayen burodi, ko yara suna wasan gini da damman kuɗi. Daga hoton sai a yanke hukunci a taƙaice, wai kuɗi ya lalace, jama'a suka fusata, suka ɗora Hitila. Wannan lissafi yana da giɓin shekara goma a tsakiyarsa. A 1923 kuɗin ya ƙarasa mutuwa. A zaɓen Mayu na 1928 jam'iyyar Nazi ta samu kashi 2.6 cikin ɗari na ƙuri'u, kujeru 12 kacal cikin 491. Lokacin da ta zama jam'iyya mafi girma, a 1932, farashin kaya faɗuwa yake yi. Kuɗi na da daraja, amma babu shi a hannun mutane. Rikici biyu ne, kuma na biyun kishiyar na farko ne. Abin da ya haɗa su shi ne tsoron na farko ya ɗaure hannun masu mulki a na biyu.

Ciwon mak, kuɗin Jamus na lokacin, ya fara ne a Agusta 1914. Kafin yaƙi dala ɗaya mak 4.20 ce, kuma mai riƙe da takardar mak yana da ikon zuwa babban banki, Reichsbank, ya karɓi zinariya. Yaƙi na ɓarkewa aka dakatar da wannan. A lokacin harajin kuɗin shiga na jihohi ne, gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki, don haka ta koma ga rance. Sau tara aka sayar wa jama'a takardun lamunin yaƙi, jimlarsu kusan mak biliyan 98. Malaman makaranta, likitoci, 'yan fansho da bankunan ajiya na ƙananan garuruwa suka zuba abin da suka tara. Abin da lamuni bai cike ba, babban banki ya cike shi da sabon kuɗi. A 1915 sakataren kuɗi Karl Helfferich ya shaida wa majalisa cewa abokan gaba ne za su ɗauki nauyin bashin idan an ci su da yaƙi.

Sai aka ci Jamus. Sarki Wilhelm na biyu ya sauka ranar 9 ga Nuwamba 1918, aka tsagaita wuta ranar 11. Sabuwar jamhuriyar, wadda aka rubuta tsarin mulkinta a garin Weimar, ta gaji bashin kusan mak biliyan 150, ga matan sojoji kusan miliyan biyu da suka mutu da marayunsu, ga naƙasassu, ga miliyoyin da suka dawo daga fagen daga suna neman aiki, da yawansu da bindiga a hannu. Yarjejeniyar Versailles ta 28 ga Yuni 1919 ta yanke mata kusan kashi 13 cikin ɗari na ƙasarta, ta ƙwace yankunan mallakarta na ƙetare irin su Kamaru da Togo, ta ƙayyade sojanta ga mutum 100,000. Gwamnatin da ke cikin wannan hali tana da zaɓi biyu: ta tsuke bakin aljihu ta fuskanci tawaye a tituna, ko ta ci gaba da biyan albashin ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da tallafin abinci da kuɗin da ba ta da shi. Ta ɗauki na biyu, kuma na ɗan lokaci abin ya yi mata rana. A 1921, yayin da masana'antun Birtaniya da Amurka ke korar ma'aikata, na Jamus neman ma'aikata suke yi, domin faɗuwar mak ta sa kayansu sun yi araha a kasuwannin waje. Mai masana'anta na murna, ƙungiyar ƙwadago ba ta ƙi ba, baitulmali na kallon bashin yaƙi yana narkewa. Wannan ne ya sa hauhawar farashin ta daɗe: tana da masu cin moriyarta a kowane ɓangare mai ƙarfi.

Ministan kuɗi Matthias Erzberger ya yi ƙoƙari. A 1919 da 1920 ya mayar da harajin kuɗin shiga hannun tarayya, ya kuma ɗora wa masu dukiya haraji na musamman. Sai dai an ba su damar biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru, hauhawar farashi ta cinye abin kafin ya iso baitulmali. 'Yan ta'addar masu tsaurin kishin ƙasa suka harbe shi ranar 26 ga Agusta 1921.

Batun diyyar yaƙi, wato kuɗin da aka ɗora wa Jamus ta biya ƙasashen da suka ci ta da yaƙi, ana yawan kuskuren fahimtarsa. A Mayu 1921 a Landan aka yanke mak biliyan 132 na zinariya. An kasa shi uku: biliyan 12, biliyan 38, sai biliyan 82 da aka ce za a fara nema idan Jamus ta samu halin biya, abin da masu lissafin kansu ba su sa rai ba. Wato ainihin bashin biliyan 50 ne. Sauran an rubuta shi ne don a kwantar da hankalin masu zaɓe a Faransa da Birtaniya, ya kuma zama makami a hannun masu tsaurin ra'ayi a Jamus. Biyan shekara shi ne biliyan 2 haɗe da kashi 26 cikin ɗari na darajar kayan da aka fitar waje. Matsalar ta fuska biyu ce. Ta farko, ba a karɓar takardar mak. Sai gwamnati ta sayar da mak ta sayi dala ko fam, kuma duk sayarwa tana ƙara karya mak. Ta biyu ta siyasa ce: gwamnatin da ta daidaita kasafinta ta nuna wa Faransa cewa Jamus na iya biya, kuma babu ɗan siyasar Jamus da ke son a ce shi ne ya matse jama'a don a kai wa Faransa kuɗi. A ganina diyyar ba ta fi ƙarfin tattalin arzikin Jamus ba, amma ta fi ƙarfin siyasarta.

Yadda injin yake aiki

Ma'aikatar kuɗi takan rubuta takardar bashi ta gajeren wa'adi, ta kai wa Reichsbank, bankin ya karɓa ya ba ta sabon kuɗi. Babu wata iyaka. A Mayu 1922, bisa matsin ƙasashen ƙawance da ke bin Jamus diyya, an ba bankin 'yancin kansa daga gwamnati, da zaton zai ja birki. Shugabansa Rudolf Havenstein bai ja ba, domin a fahimtarsa faɗuwar mak a kasuwar canji ce ke tayar da farashi, shi kuma aikinsa ya wadata ƙasa da takardun da sabon farashin ke buƙata.

Abubuwa uku suka mayar da hauhawar ta zama guguwa. Na farko jinkirin haraji: ana ƙiyasta haraji a kan kuɗin shigar bara, a karɓa bayan watanni, lokacin da darajarsa ta zama ta ƙwayar ashana. Farashi na tashi, giɓin kasafi na faɗaɗa, giɓin na sa a ƙara bugawa. Zuwa ƙarshen Oktoba 1923 haraji bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa ba. Na biyu saurin juyawar kuɗi: da zarar kowa ya gane cewa kuɗin da ya kwana a aljihu ya yi asara, sai a rabu da shi nan take, kuma wannan gudun kansa yana ƙara farashi. Nan wani abin mamaki yake fitowa. Farashi yakan riga injin ɗab'i gudu, ta yadda idan aka auna duk takardun da ke yawo da zinariya, darajarsu ta yi ƙasa sosai da ta kafin yaƙi. Shi ya sa a tsakiyar ambaliyar takardu ake kukan ƙarancin kuɗi, kamfanoni na kasa biyan albashi, Havenstein kuma na ɗaukar wannan a matsayin hujjar ƙara bugawa. Na uku rancen 'yan kasuwa: daga tsakiyar 1922 bankin ya buɗe musu ƙofa su ma. Kuɗin ruwansa kashi 5 ne a shekara har zuwa Yuli 1922. Ya kai 18 a Afrilu 1923, ya kai 90 a Satumba, alhali farashi na ninkawa cikin kwanaki. Duk mai hanyar shiga bankin yakan ranci mak, ya sayi masana'anta ko jirgin ruwa ko dala, bayan wata uku ya biya da abin da bai kai kuɗin kofi ba. Ta wannan hanyar attajiri Hugo Stinnes ya tara ɗaruruwan kamfanoni.

Har zuwa tsakiyar 1922 akwai abin da ke tallafar mak: baƙi, musamman a Amurka da Holan, suna sayenta suna ajiyewa da tunanin ƙasa irin Jamus dole kuɗinta ya farfaɗo. Kisan ministan harkokin waje Walther Rathenau ranar 24 ga Yuni 1922 ya kashe wannan fata. Dala tana kusan mak 320 a watan. Kafin ƙarshen shekara ta haura 7,000.

Ranar 11 ga Janairu 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka shiga yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe, bisa hujjar Jamus ta gaza kai katako da kwal da aka yanke mata. Gwamnatin Wilhelm Cuno ta umarci ma'aikata da jami'ai su ƙi ba da haɗin kai, ta kuma ɗauki alkawarin biyan albashinsu. Ka duba abin da wannan ke nufi a kasafi: harajin yanki mafi arziki ya tsaya, kwal sai an sayo daga Birtaniya da kuɗin ƙetare, ga miliyoyin mutane da za a ciyar. Faransawa suka kori mutum fiye da 100,000 daga yankin. A masana'antar Krupp da ke Essen suka harbe ma'aikata 13 ranar 31 ga Maris. Dala ta kai kusan mak 350,000 a Yuli, miliyan 4.6 a Agusta, kusan miliyan 99 a Satumba, biliyan 25 a Oktoba. Ranar 20 ga Nuwamba ta tsaya a tiriliyan 4.2. Kamfanonin ɗab'i fiye da 130 ke buga wa bankin kuɗi dare da rana, wasu takardun fuska ɗaya kawai ake bugawa, wasu tsofaffi ne ake danna musu sabon adadi. Mafi girma ita ce ta mak tiriliyan 100. Garuruwa, kamfanoni da hukumar jirgin ƙasa duk suka riƙa buga nasu kuɗin wucin gadi. Burodi ɗaya a Barlin ya kai kusan biliyan 200.

Albashi ya koma kullum-kullum, matan ma'aikata na jira a bakin ƙofar masana'anta su karɓa su ruga kanti kafin a sanar da sabon farashin dala da rana. 'Yan kasuwa suka daina rubuta farashi. Sukan sa lamba ta dindindin a kan kaya, a ninka ta da adadin ranar. Abin da ya fi tsorata gwamnati shi ne kakar 1923: amfanin gona ya yi kyau, amma manoma suka ƙi sayarwa don takarda. Birane suka shiga yunwa, rumbuna cike. Aka fara fasa kantuna, kuma ranar 5 ga Nuwamba gungun mutane suka far wa Yahudawa a wata unguwar talakawa a Barlin.

Wanda ya ci riba shi ne mai bashi a kansa: gwamnati, da bashin yaƙinta ya zama ba komai ba, manomi da mai gida da suka biya jingina da kuɗin ƙwai, da mai masana'anta. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya ba da rance ko ya yi ajiya: mai littafin banki, mai inshorar rai, mai takardun lamunin yaƙi. Kotuna sun daɗe a kan ƙa'idar cewa mak mak ce, ko ta 1913 ko ta 1923. Sai a ƙarshen Nuwamba 1923 kotun ƙoli ta juya, sannan dokar 1925 ta ce a biya masu jingina kashi 25 cikin ɗari na asalin darajar kuɗinsu, masu takardun gwamnati kuma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Dokar ba ta gamsar da kowa ba. Wanda ake bi bashi ya ga an farfaɗo masa da abin da ya riga ya biya, mai ajiya ya ga an halatta ƙwace kashi uku cikin huɗu na guminsa. Waɗannan mutane ba su koma Nazi nan take ba. Abin da suka yi shi ne barin jam'iyyun tsakiya na masu sassaucin ra'ayi zuwa ƙananan jam'iyyu na masu gidaje, na manoma, na masu neman a biya su ajiyarsu. Daga baya Hitila ya tarar da su ba su da uwa.

A siyasance 1923 ta fi kowace shekara haɗari, kuma jamhuriyar ta tsallake. 'Yan kwaminis sun yi bore a Hamburg a Oktoba, soja ya tumɓuke gwamnatocin masu ra'ayin gurguzu a Saxony da Thuringia, 'yan a-ware sun tashi a yankin Rhine da goyon bayan Faransa, Hitila kuma ya gwada juyin mulki a Munich ranar 8 da 9 ga Nuwamba, 'yan sanda suka tarwatsa shi. An yanke masa shekara biyar, aka sake shi a Disamba 1924. Alƙalan zamanin, waɗanda aka gada daga mulkin sarki, hannunsu na da nauyi a kan masu ra'ayin gurguzu, yana da taushi a kan masu kishin ƙasa.

Yadda aka kashe wutar

Gustav Stresemann ya karɓi gwamnati a Agusta 1923, ya janye ƙin haɗin kai a Ruhr ranar 26 ga Satumba, abin da ya jawo masa zagin maci amana. Ranar 15 ga Nuwamba aka fito da sabon kuɗi, Rentenmark, ɗaya a kan tsohuwar mak tiriliyan ɗaya, don dala ta koma 4.20. An ce filayen noma da na masana'antu ne ke tsaya masa, ta hanyar jinginar biliyan 3.2 da aka ɗora musu. Gaskiyar magana ba wanda zai kai takardar ya karɓi gona. Wannan dabarar kwantar da hankali ce. Abin da ya yi aiki shi ne iyaka. Ba za a buga fiye da biliyan 2.4 ba, rancen gwamnati ba zai wuce biliyan 1.2 ba, kuma daga ranar Reichsbank ya daina karɓar takardun bashin baitulmali. A Disamba gwamnati ta nemi ƙari, aka hana ta. Ministan kuɗi Hans Luther ya mayar da ƙiyasin haraji kan darajar zinariya, ya sallami ma'aikatan gwamnati kusan 400,000. Havenstein ya rasu ranar 20 ga Nuwamba, Hjalmar Schacht ya gaje shi, kuma da mak ta fara rawa a Afrilu 1924 sai ya hana jimlar rancen da bankin ke bayarwa ƙaruwa, 'yan kasuwar da suka ɓoye dala suka fito da ita dole.

Shirin Dawes na 1924, sabon tsarin biyan diyya da aka cim ma da ƙasashen ƙawance, ya rage diyya zuwa biliyan 1 a shekarar farko, tana hawa zuwa biliyan 2.5, da rancen mak miliyan 800 na zinariya. Ya zo da sharuɗɗa biyu da za su yi tasiri daga baya. Ɗaya, dole babban banki ya riƙe zinariya ko kuɗin ƙetare da ya kai kashi 40 cikin ɗari na takardun da ya fitar, kuma wannan yana cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Biyu, ba za a fitar da kuɗin diyya ba idan hakan zai karya mak. Wannan na biyun ya sa banki mai zaman kansa a Amurka ya san cewa idan rana ta ɓaci shi za a fara biya kafin Faransa, don haka rance ya yi ta kwarara. Birane suka gina gidajen ma'aikata, asibitoci, filayen wasa. Masana'antu suka sabunta injuna. Laifin tsarin shi ne bankunan Barlin suna karɓar kuɗin wata uku daga ƙetare su ba da rancen shekaru a gida, jarinsu kuma hauhawar farashi ta riga ta cinye shi.

Shekarun 1924 zuwa 1929 ana kiransu na zinariya, amma ƙasan ba ta yi ƙwari ba. Farashin hatsi na faɗuwa a duniya, manoman arewa na rasa gonaki a hannun bankuna tun 1928. A hunturun farkon 1929, watanni kafin kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, marasa aiki sun kai kusan miliyan uku. Inshorar rashin aikin yi da aka kafa a 1927, da gudummawar kashi 3 cikin ɗari na albashi, an tsara ta ne don mutum kusan 800,000. Shugaban ƙasa kuma tun 1925 shi ne Paul von Hindenburg, tsohon babban hafsan sarki, wanda bai taɓa ƙaunar mulkin majalisa ba. Tsarin mulki ya ba shi iko uku: naɗa shugaban gwamnati, rusa majalisa, da yin doka ta-ɓaci a ƙarƙashin sashe na 48. Majalisa na iya soke dokar, amma shi kuma yana iya rusa majalisar.

Rikici na biyu

Stresemann, wanda a lokacin shi ne ministan harkokin waje, ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1929. Shirin Young, sabon tsarin diyya da ya bari a madadin na Dawes, ya rage biyan shekara, ya shimfiɗa shi har 1988, ya kuma cire yawancin kariyar nan da ta sa masu ba da rance na ƙetare suke barci da ido biyu rufe. Kuɗin Amurka ya tsaya. Ranar 27 ga Maris 1930 gwamnatin haɗin gwiwa ta Hermann Müller ta wargaje a kan ko za a ɗaga gudummawar inshorar daga kashi 3.5 zuwa 4. Ita ce gwamnati ta ƙarshe kafin Hitila da ke da rinjaye a majalisa. Heinrich Brüning na jam'iyyar Katolika ya hau da alkawarin Hindenburg cewa sashe na 48 na hannunsa. A Yuli majalisa ta soke dokar kasafinsa, aka rusa ta. Kiran zaɓe a tsakiyar irin wannan ƙunci, shekara biyu kafin wa'adi, yana cikin manyan kura-kuran zamanin: ranar 14 ga Satumba Nazi suka tashi daga kujeru 12 zuwa 107, 'yan kwaminis suka samu 77. Masu kuɗin ƙetare suka fara kwashe kayansu a makon.

Manufar Brüning ita ce ya daidaita kasafi, ya karya albashi da farashi don kayan Jamus su yi araha a waje, ya kuma nuna wa duniya cewa Jamus ta yi iya ƙoƙarinta amma diyya ba ta biyuwa. Ya ɗaga haraji, ya yanke albashin ma'aikatan gwamnati da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya rage wa'adin inshora. Marar aiki yakan gangaro mataki uku: inshora, sai tallafin gaggawa mai ƙarancin kuɗi, sai sadakar ƙaramar hukuma, wadda ita ma baitulmalinta ya bushe. Kowane yanka yana rage abin da mutane ke saye, ciniki ya ragu, haraji ya ragu, giɓin ya dawo, a sake yanka.

A 1931 bankuna suka faɗi. Babban bankin kasuwanci na Ostiriya, Creditanstalt, ya durƙushe a Mayu. A farkon Yuni gwamnatin Jamus ta yi shelar cewa jama'arta sun kai maƙura wajen biyan diyya, abin da masu ba da rance suka karanta a matsayin gargaɗi. Shugaba Hoover na Amurka ya ba da shawarar dakatar da biyan basussukan yaƙi na shekara ɗaya ranar 20 ga Yuni, Faransa ta ja ƙafa na makonni biyu. Kamfanin ulu na Nordwolle ya karye da bashin bankin Danat a wuyansa, bankin ya rufe ƙofa ranar 13 ga Yuli, aka rufe duk bankuna kwana biyu. Reichsbank bai iya ceto ba, domin zinariyarsa ta gangaro bakin iyakar kashi 40. Aka kafa dokar hana fitar da kuɗi, kuɗin ruwa ya kai kashi 15. Da Birtaniya ta daina ɗaure darajar kuɗinta da zinariya ranar 21 ga Satumba, fam ya faɗi, duk arahar da Brüning ya sayo da wahalar jama'a ta tafi a banza. Amsarsa ita ce dokar 8 ga Disamba, wadda ta mayar da albashi matsayinsa na farkon 1927, ta kuma rage haya da farashi. A Fabrairu 1932 marasa aiki masu rajista sun haura miliyan shida, ban da waɗanda suka gaji da zuwa ofis. Abin da masana'antu ke samarwa ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Ko yana da wata hanya? Masana tarihi sun daɗe suna jayayya. Masu kare shi suna cewa ba mai ba shi rance, bashin ƙasar da dala yake don haka karya mak zai ƙara masa nauyi, kuma yarjejeniya ta ɗaure babban banki. Duk gaskiya ne, musamman kafin Yulin 1931. Bayan haka, da dokar hana fitar da kuɗi ta killace ƙasar, akwai sarari. Wani jami'in ma'aikatar tattalin arziki, Wilhelm Lautenbach, ya kawo shirin ayyukan gwamnati da rancen banki a Satumba 1931. Ƙungiyoyin ƙwadago suka kawo nasu na mak biliyan 2. Shugabannin jam'iyyar SPD ta ma'aikata da kansu suka yi watsi da shi, kuma kalmar da ta kashe duka biyun ita ce hauhawar farashi, a ƙasar da farashi ke zubewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. 'Yan Nazi kuwa suka shiga zaɓen Yuli 1932 da alkawarin samar da aiki ta hanyar rance.

Marasa aikin kansu sun fi karkata ga 'yan kwaminis. Ƙuri'un Nazi sun fi fitowa daga ƙauyuka da ƙananan garuruwan Furotesta, daga manoma, masu kantuna, ma'aikatan ofis, 'yan fansho, da ma'aikatan da ba su cikin ƙungiya, wato waɗanda ba su faɗi ba tukuna amma suna ganin ramin. A Schleswig-Holstein, yankin manoma, sun haura rabin ƙuri'u. Yankunan Katolika sun fi riƙe jam'iyyarsu. Ɓangaren hagu kuma a rabe yake: bisa umarnin Mosko, 'yan kwaminis sun ɗauki SPD a matsayin babbar abokiyar gaba.

Majalisa ta yi dokoki 98 a 1930, 34 a 1931, biyar a 1932. Dokokin ta-ɓaci suka tashi daga biyar zuwa 44 zuwa 66. Mulki ya koma hannun 'yan tsirarun da ke da kunnen tsoho mai shekara 84. Suka kayar da Brüning a ƙarshen Mayu 1932, bayan ya nemi a raba wa marasa aiki gonakin manyan masu filaye na gabas da bashi ya cinye, maƙwabtan Hindenburg ke nan. Makonni shida bayan haka taron Lausanne ya soke diyya kusan gaba ɗaya, ladan ya tafi ga magajinsa Franz von Papen. Papen ya ɗage haramcin da aka sa wa dakarun Nazi masu rigar ruwan ƙasa, tituna suka cika da gawa, sannan ya fake da rikicin ya tumɓuke gwamnatin jihar Prussia ranar 20 ga Yuli, ya ƙwace rundunar 'yan sanda mafi girma a ƙasar daga hannun SPD. A zaɓen 31 ga Yuli Nazi suka samu kashi 37.3 da kujeru 230, 'yan kwaminis 89. Jimla 319 cikin 608: masu son rusa majalisa sun fi rabinta. A Satumba aka kaɗa wa Papen ƙuri'ar rashin amincewa, 512 da 42.

A zaɓen 6 ga Nuwamba Nazi suka rasa ƙuri'u miliyan biyu, suka sauko kashi 33.1. Asusun jam'iyyar ya bushe, babban mai tsara ta Gregor Strasser ya ajiye muƙami a Disamba, tattalin arziki kuma ya fara nuna alamar taɓa ƙasa. A daidai wannan lokaci Papen, wanda Janar Kurt von Schleicher ya ture ya maye gurbinsa, ya gana da Hitila a gidan wani mai banki a Kolon ranar 4 ga Janairu 1933, ya kuma shawo kan Hindenburg cewa za a iya riƙe linzamin mutumin. Ranar 30 ga Janairu aka naɗa Hitila shugaban gwamnati, da ministocin Nazi biyu kacal. Sai dai ɗaya, Wilhelm Frick, shi ke da harkokin cikin gida, ɗayan kuma, Hermann Göring, shi ke da 'yan sandan Prussia da Papen ya riga ya ƙwato. Ginin majalisa ya ƙone ranar 27 ga Fabrairu. Washegari aka dakatar da 'yancin jama'a da sashe na 48 ɗin nan. Ko da tsoratarwa, zaɓen 5 ga Maris ya ba Nazi kashi 43.9 ne. Ranar 23 ga Maris, 'yan kwaminis 81 na tsare ko a ɓoye, majalisa ta miƙa ikonta da ƙuri'a 444. 'Yan SPD 94 ne kaɗai suka ƙi.

Schacht ya koma Reichsbank a Maris 1933, ya yi abin da aka hana Brüning, amma don makamai. Aka kafa kamfanin bogi mai suna Mefo, masu ƙera makamai su rubuta masa takardar bashi, babban banki ya tsaya mata, ba tare da ta bayyana a kasafi ba. Zuwa 1938 takardun sun kai mak biliyan 12. An rusa ƙungiyoyin ƙwadago tun Mayu 1933, an daskarar da farashi a 1936, don haka matsin ya fito ta ƙarancin kaya da ƙarancin kuɗin ƙetare maimakon tashin farashi. A Janairu 1939 daraktocin bankin suka rubuta wa Hitila cewa kashe kuɗin gwamnati na kai ƙasar ga hauhawar farashi. Ya sallami Schacht a watan, kuma a Yuni aka yi dokar da ta sa bankin ƙarƙashin umarninsa kai tsaye.